Hannun Dama na Malam Isiyaku Mai Tafireta

Duk wanda ya taɓa shigowa layinmu a Kakuri neman a buga masa takarda ya san Malam Isiyaku, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan siriri mai farar hula, wanda yake buga rubutu kansa a juye gefe guda, idonsa a kan takardar da aka ba shi, yatsunsa suna ta aikinsu a can kamar ba nasa ba. Ni ce mai injin fotokwafi a shagon da yake zama. Sunana Naomi, amma shi tun da na haifi 'yata ta fari bai sake kiran sunan nan ba, sai dai Maman Judith. Mun daɗe a ƙarƙashin kwano ɗaya muna shan zafi ɗaya, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba.

Mutumin Malumfashi ne. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya koyi tafireta a wajen wani tsohon akawu wanda, in ji shi, ɗalibi bai taɓa ganin haƙorinsa ba. Tsohon yakan rufe musu hannu da ƙyalle, ya tsaya a bayansu riƙe da rula. Ka sunkuyar da kai ka leƙa, rula ta sauka a ƙeyarka. Abu biyu Malam Isiyaku ya fito da su daga wurin nan, ya riƙe su kamar farilla. Na ɗaya, mai tafireta ba ya kallon yatsunsa. Na biyu, inji na mutum ɗaya ne. Ba ka taɓa na wani, ba a taɓa naka, kuma in za ka tashi, ko ruwa za ka sha, sai ka rufe shi da rigarsa. Ya taɓa ce mini inji yana sanin hannun mai shi, in baƙon hannu ya hau shi sai ya yi ta gardama. Na ce masa wannan ai jaki yake kwatantawa. Bai yi dariya ba, ya dai ce ba zan gane ba.

Da wannan hannun ya sami aiki a ofishin wata masaƙa a nan Kakuri, da shi ya auri Ladi, da shi ya yi wa 'yarsa Fiddausi karatu. A lokacin muna maƙwabta a Makera, katanga ɗaya ta raba mu. Ina tuna shekarar da sojoji suka koma bariki, yadda ya zauna a ƙofar gida da rediyo a cinya yana cewa yanzu kam ƙasa za ta gyaru, ma'aikaci zai ci guminsa. Ba a daɗe ba rikici ya tashi a garin nan. Ba na son maganarsa, kuma ba zan yi ta ba. Mu dai muka kwashe muka koma Kamazou, su kuma suka koma Tudun Wada, kowa ya bi inda zai iya barci. Bayan nan kuma masaƙar ta rufe. Wata safiya ina share gaban shago sai ga shi tsaye da keke, tafireta ɗaure a baya cikin rigarta.

“Maman Judith, ko akwai wurin da tebur ɗaya zai shiga?”

Ban tambaye shi komai ba. Na ja kwalayen takarda gefe, muka shigar da tebur.

Shekaru ya yi a lungun nan. Takardar rantsuwa ta kotu, takardar neman aiki, yarjejeniyar haya, koken masu fansho, duk ta hannunsa suke bi. Kullum sai ya tsallako kogi daga Tudun Wada zuwa ɓangarenmu, a lokacin da mutane da yawa suka daina tsallakawa ko da kuɗi za a ba su. Abin da ya sa ake layi a wurinsa kuwa shi ne ba ya kuskure. Ba ya sake karanta abin da ya buga. Yana kai ƙarshe zai zare takarda ya miƙa maka, idonsa ya riga ya koma kan mai bi maka. In ka tsaya dubawa sai ya ɗan ɗaure fuska, kamar ka ƙirga canji a gaban limami. Girman kai ne, na sha faɗa masa. Amma girman kai ne da yake da abin nunawa, don ban taɓa ganin an dawo masa da aiki ba.

Sai zamani ya juya. Kowa ya koma son bugun kwamfuta, ribon ɗin tawadar tafireta ma ya zama sai an je kasuwa an sha yawo. Malam ya yi ta taurin kai har ta kai yakan wuni bai buga shafi biyu ba. Fiddausi ce ta ƙare maganar. A lokacin tana koyarwa a wata firamare, tana aure a Unguwar Sanusi. Ta kawo masa laftof na hannu, siriri, irin wanda batirinsa yake a rufe a ciki, ba a ganinsa balle a cire. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce wannan faranti ne ko inji? Amma da ya ɗora yatsu ya ji haruffa suna nan inda ya san su, sai na ga fuskarsa ta saki. Cikin ɗan lokaci ya koma gudunsa na da. Dukan madannan dai yake yi irin na tafireta, har sai na ce, Malam, a hankali, ba sakwara ake kirɓawa ba.

Dokokinsa biyu suka bi shi kan sabon inji. Allon da ke gabansa bai dame shi ba, takardar mai aiki kawai yake kallo. In ya gama sai ya zuba aikin a filash ya miƙo mini in fitar a firinta, don ko ni ban isa in taɓa masa laftof ba. Ita kuwa Ladi, da yake tela ce, sai ta warware tsohuwar rigar tafiretar ta sake yanka ta daidai sabon injin. Ledar kujerar mota ce mai kauri, ta sa mata soso a ciki, ta yi mata baki da jan zare. Shi ne ɗinki na ƙarshe da na san ta yi. Damina ba ta zagayo ba ta rasu, aka bar Malam shi kaɗai a ɗaki, Fiddausi tana aika masa abinci.

Wuta a layinmu ba ta da lokaci. Ta zo, ta tafi, ta dawo da ƙarfin da zai ƙona maka kwan fitila. Saboda haka Malam ba ya zare caja ko kaɗan, wai kada wuta ta zo ta same shi a zare. Ba ya kuma kashe injin, don yana daɗewa kafin ya tashi. In zai tafi sallar azahar sai ya kifa murfin, ya sa masa rigar Ladi, ya shafa ta sau ɗaya da tafin hannu, ya fita. In mun tashi da yamma haka yake barinsa, a jone, a lulluɓe, cikin shagon kwano da ko mutum ba ya iya zama a ciki da bazara in an rufe ƙofa. A ganinsa kula yake yi da shi. Ni ma haka na gani, duk layin ma haka muka gani, har ana ba yara misali da yadda yake riƙon kayan aikinsa.

Wata bazara sai laftof ɗin ya fara rawa a kan tebur. In ya buga, sai gefe ɗaya ya riƙa ɗagawa. Malam ya ce tebur ne ya gaji, ya ninke takarda ya cusa a ƙarƙashi, yadda ya saba yi wa tafireta. Murfin ma ya daina haɗuwa sosai, ya ce ai tsufa ne, shi ma bakinsa ba ya rufuwa kamar da. Muka yi dariya, aka wuce wurin.

Ranar da abin ya fara, wani dillalin gidaje ne ya shigo da la'asar yana huci, ya jefa takarda a kan tebur.

“Baba, wannan wane irin aiki ne? Ka duba! Sunan mai gida ma bai cika ba. An mayar da ni abin dariya a gaban lauya.”

Malam bai ɗauki takardar nan da nan ba. Ya dubi mutumin kamar ya yi ɓatan shago. Da ya ɗauka kuma ya daɗe yana kallo. Haruffa sun zube a wurare da yawa, wasu kalmomi sun manne da juna babu tazara. Ya ba mutumin haƙuri da wata murya da ban san shi da ita ba, ya sake bugawa a hankali, ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya ba ni filash. Da mutumin ya tafi sai ya shimfiɗa tsohuwar takardar a gabansa, yana bin wuraren da ɗan yatsa.

“Maman Judith,” ya ce, “duk na hannun dama ne.”

“Me ke nan?”

“Haruffan da suka zube. Babu na hagu ko ɗaya.”

Na ce to ai injin ne, a kai shi wajen mai gyara. Ya girgiza kai. Washegari da sassafe, kafin rana ta hau kwano, na same shi yana gwada madannan ɗaya bayan ɗaya, yana danna kowanne da ƙarfi yana kallon allo. Kowanne ya fito. Ya juyo ya ce mini, kin gani, injin lafiyarsa ƙalau. Amma yadda ya faɗi maganar, ba murna a ciki.

Na san abin da ke ransa, saboda ya taɓa ba ni labarin mahaifinsa. Manomi ne, ƙaƙƙarfa. Wata damina fartanya ta fara suɓuce masa daga hannun dama, yana ɗauka tana faɗuwa, ana yi masa dariya. Kafin kaka jikinsa ya shanye ɓari guda, baki ya karkace. An kai shi asibiti yana magana, aka dawo da shi ba ya yi. Shekaru ya yi a kwance, kuma Malam ne yake juya shi yana wanke shi. Tun daga nan babu abin da yake tsoro a duniya kamar wannan ciwo. Yakan ce gara mutuwa ta zo masa a tsaye.

Daga ranar nan abin ya zama kullum. Da safe aiki ya tafi daidai. Rana na take, shago ya ɗauki zafi, sai haruffa su fara zuba. Shi kuma ya ce ai dole, da safe hannu yana da ƙarfinsa, da rana ya gaji. Komai ya gani sai ya zama shaida a kan hannun. In cokali ya faɗi, hannu ne. In ya kwana a kansa ya tashi ya ji ya sage, hannu ne. Na roƙe shi ya bar ni in gwada injin da rana, ko layi ɗaya.

“Ba a taɓa injin mutum, Maman Judith.”

“To mu je asibiti a auna ka.”

“To, gobe in Allah ya kai mu.”

Goben nan ba ta zo ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, har na ce zan gaya wa Fiddausi. Nan ya haɗa ni da Allah kada in tayar wa yarinya hankali tana da tsohon ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa ganin mutum mai hankali da taurin kai irin nasa ba. Masu kawo aiki suka fara raguwa. Mutumin da ake layi a gabansa ya koma mai karanta shafi ɗaya sau da sau, yana gyara, yana share zufa. Tsakanin aiki da aiki sai in gan shi yana murza man zafi a yatsu, yana buɗe hannu yana dunƙulewa a ƙarƙashin tebur don kada in gani.

Wata Litinin ya zo da hannun a naɗe da tsumma. Na tambaya, ya ce ɗan ƙaho ya sha, ba wani abu ba. Wani wanzami a unguwarsu ne ya ce masa mataccen jini ne ya taru, in an fitar hannu zai warware. Ya yi masa ƙaho a kafaɗa, sannan ya tsattsaga bayan hannun da tushen yatsu, ya shafa magani. Malam yana gaya mini wannan har da ɗan murmushi, wai ya ji sauƙi-sauƙi. Ya buga aikin ranar da tsumma a hannu, da rana kuma haruffa suka zube kamar kullum.

Tsagar ba ta warke ba. Hannun ya kumbura, tsumma ya fara jiƙewa, sannan wari ya fara fita, irin wanda turare ba ya rufewa. Ranar da na ga yana rawar sanyi a cikin zafin nan, ban nemi izininsa ba, na fita waje na kira Fiddausi. Da ita da mijinta suka zo suka ɗauke shi. A asibiti aka gano yana da ciwon suga, wanda shi kansa bai sani ba, shi ya hana raunin kamewa. Sun yi iya ƙoƙarinsu, amma sai da aka cire yatsan tsakiya da mai bi masa. Sauran kuma suka sandare a lanƙwashe, manuniya ce kaɗai take ɗan motsi. Likita ya auna shi ta ko'ina ya ce babu alamar shanyewar jiki, jininsa ma bai hau ba. Malam ya saurare shi da ladabi. Da likitan ya fita sai ya ce mana yaron kirki ne, amma bai ga takardun ba.

Aka sallame shi, Fiddausi ta ɗauke shi zuwa gidanta. Na je duba shi na samu mutum zaune yana jira. Ba ya zuwa masallaci shi kaɗai, wai kada ya faɗi a hanya. Ya sa an kawo masa ƙaramin madubin Ladi yana ajiye a ƙarƙashin matashi, jim kaɗan ya ciro ya duba ko bakinsa ya fara karkacewa. Yatsun da aka cire ba su dame shi kamar abin da yake jira ba. A ranar ne ya ce mini in ɗauki laftof ɗin.

“Ki ba Judith, ta yi karatu da shi. Injin kirki ne. Ni ne na gaza masa.”

Na fito ina share hawaye da bakin gyale har bakin titi.

Laftof ɗin ya daɗe a kan teburinsa cikin rigarsa, a jone yadda ya bar shi, don hannuna ya ƙi zuwa wurin. Sai wata rana da azahar wata mata ta zo da takardar neman aiki, tana sauri, ta roƙe ni. Na cire rigar, na ji ledar da zafi kamar murfin tukunya. Na zauna ina bugawa da yatsa biyu, ina kallon allo, don ni ban yi makarantar rula ba. Na danna harafi, bai fito ba. Na sake dannawa, shiru. Na danna na kusa da shi, shi ma shiru, sai da na taushe shi da ƙarfi. Na koma ɓangaren hagu, komai yana fita. Na ba matar haƙuri, na rufe shago, na ɗauki injin na hau mota.

Sylvanus na kai wa, mai gyara a bakin titin unguwarmu, magidanci ne da ya fara da rediyo da talabijin kafin ya koma kwamfuta. Na faɗa masa abin da na gani. Ya jona wani kibod na daban, wato allon madannai, a jikin injin, ya bi haruffa duka, kowanne ya fito. Ya ce to ƙwaƙwalwar injin lafiya take. Sannan ya ɗora shi a kan gilashin kantarsa ya taɓa gefe, injin ya yi rawa. Ya sunkuya ya hango saman madannan ta gefe, ya kira ni in duba. Ɓangaren dama ya yi tozo.

“Madam, tun yaushe yake haka?”

“Ya daɗe. Mun zaci tebur ne.”

“Abeg matsa baya kaɗan.”

Ya kashe shi, ya kwance ƙusoshin ƙasa a hankali. Kafin ya gama na ƙarshe murfin ya ɗago da kansa. Batirin da ya kamata ya kwanta shafal ya kumbura ta gefe ɗaya kamar burodin da ya tashi. Sylvanus ya zare shi da kaffa-kaffa, ya fita da shi ya sa a bokitin yashi a bayan shago, sannan ya dawo yana goge hannu.

“Allah ya taimake ku bai kama da wuta ba. Ina ake ajiye shi?”

Na nuna masa rigar, na gaya masa yadda ake barinsa a jone dare da rana. Ya juya rigar a hannu, ya matsa soson, ya yi tsaki a hankali.

“Wannan ai dafa shi ake yi. Batir ba ya son zafi, ba ya son caji ba hutu. In ya kumbura sai ya tokare kibod daga ƙasa, ya matse igiyar da ke kai saƙo. Da safe yana sanyi, ya ɗan sake. Rana ta yi, ya ƙara tashi, madannan da ke kansa su daina ji. Kullum ana kawo mini irinsa.”

“To kibod ɗin ya mutu?”

“Bari mu gani.”

Ya gyara zaman igiyar, ya mayar da murfi, ya jona caja babu batir, ya kunna. Ya bi layin haruffa da yatsa ɗaya, a hankali, babu dannawa da ƙarfi. Duk suka fito, har da na tazara. Gyaran bai kai daɗewar shan kofin shayi ba. Ya ce in ina so a sa sabon batir, in ba haka ba zai yi aiki a haka muddin akwai wuta. Sai ya ga ina kuka, ya rikice, ya ce Madam, ai ya gyaru. Na ce masa na sani.

Na je wajen Fiddausi, muka tsaya a tsakar gida, jaririnta a baya. Da na gama ba ta labari sai ta jingina da bango.

“Mama, kada ki gaya masa. Don Allah. In ya san a banza ya rasa hannun, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.”

“To mu bar shi da madubi? Kullum yana jiran ciwon da ba ya zuwa?”

“Ni na saya masa injin nan, Mama.”

“Ke alheri kika saya masa. Ba ke ba ce, ba Ladi ba ce, ba kowa ba ne.”

Ta shiga jijjiga yaron. Ni kaina ban san wanne ya fi ba. Na dai san mutumin nan ya yi rayuwarsa duka bai miƙa wa kowa takarda mai kuskure da saninsa ba, ban ga yadda za a yi mu bar shi da wannan ba. Can sai ta ɗaga mini labulen ɗakin.

Yana zaune a kan tabarma, hannun a cinya. Muka gaisa. Na ajiye laftof ɗin a kan ƙaramin tebur a gabansa, na jona shi a bango, don an yi sa'a akwai wuta. Na gaya masa komai yadda Sylvanus ya faɗa, ban rage ba, har maganar rigar. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, wa ya buɗe shi? Na ce mai gyara, ni ma kuma na taɓa. Ya gyaɗa kai kawai.

Rana ce tsaka, ɗakin da zafi, daidai lokacin da hannun yake gaza masa. Ya miƙa hannun hagu ya tsallaka ɓangaren dama, ya taɓa harafi ɗaya, taɓawa kawai. Ya fito. Ya taɓa na kusa da shi, ya fito. Ya bi su duka har ƙarshen layi, ya dawo ya sake bi.

“Ashe ba ni ba ne,” ya ce.

“Ba kai ba ne, Malam.”

“Hannuna lafiyarsa ƙalau ke nan.”

Ya ɗago hannun daman ya dube shi, ya juya shi, ya daɗe yana kallon gurbin yatsun. Fiddausi ta fita da sauri. Ya sa hannun hagu a ƙarƙashin matashi ya ciro madubin, ya miƙo mini ya ce in ba ta ta ajiye, ya gama da shi. Sannan ya gyara zama, ya miƙe baya yadda yake yi a shago.

“Akwai wata takarda a jakarki, Maman Judith? Ko wace iri.”

Takardar matar nan mai neman aiki tana nan, ta manta da ita. Na ajiye masa a gefen hagu. Ya juya kai gare ta, yatsun hagu suka zauna a mazauninsu da kansu. Ya ɗora na dama, manuniya ta sauka, sauran suka tsaya a sama a lanƙwashe. Ya fara. Hagu ta buga nata ta tsaya tana jira. Manuniya ta yi lalube, ta danna wani harafi daban, ta sake lalube. Ya tsaya cak, idonsa a kan takardar, ina jin numfashinsa. Sai na ga Malam Isiyaku ya sunkuyar da kai a hankali, ya dubi madannan, yana neman inda harafin yake.